Shekarar Da Na Zama Galadima A Kan Teburin Yankan Yadi

Akwai maganar da kuke yi a bayan idona, ke Hadiza da ke Safiya, kuna tsammanin ba ta iso kunnena ba. Wai Baba ya sallama ɗansa ga aikin soja da ƙwayar ludo, ko a jikinsa. To ta iso. Gidanmu ɗaki uku ne, kuma ke Safiya tun kina ƙarama ba ki taɓa iya raɗa ba. Ban yi fushi ba, don abin da idonku ya gani ke nan. Amma akwai abin da ya faru a bayan kwalin da ke gabana a ranar, wanda ko Innarku ban taɓa gaya wa ba, kuma tunda hawan jinin nan ya fara kwantar da ni nake tsoron kada in tafi da shi a cikina.

Sai na fara muku da kunya, don idan ba ku gane ta ba sauran ba za su shige ku ba. Mahaifina ya zo Jos ne zamanin haƙar kuza, yana ɗinka wa leburori riguna. Mahaifiyata Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Kuru, kuma ita ta raine ni a kan cewa mutumin kirki ba ya sakin jiki da ɗansa na fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama su yi hira. Da aka haifi yayanku sai na sa masa sunan mahaifina, kunya ta zama biyu. Shekara ashirin da biyu, rabinsu muna shago ɗaya a kusa da Tina Junction, keken ɗinkinsa na jikin nawa, ban taɓa buɗe baki na kira shi ba. In ina son almakashi sai in ce wa iska, "A miƙo almakashi," almakashi kuwa ya zo. In magana ce babba sai in gaya wa Innarku, ta kai masa, ta kawo mini amsa. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya ba, kuma har yau ban ɗauka ba. Haka aka so ni, haka na iya so.

Wasan kuwa ke Hadiza kika kawo shi daga jami'a, shekarar da kuka yi dogon hutu. Saboda jikokina da za su karanta wannan, ga yadda yake. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labari, shi ke faɗin yadda ƙasa take da waɗanda ke cikinta, shi ne sarki, shi ne ɓarawo, shi ne dodo. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi. In ɗan wasa zai yi abu mai wuya, mai riƙe da labari ya rubuta lamba a ɓoye bayan wani kwali da ake tsayarwa a gabansa, ɗan wasa ya jefa ƙwayar ludo. In ta kai lambar ya yi nasara, in ba ta kai ba ya sha kashi. Ba a nuna takardar sai in wani ya yi gardama. Kuna yi ranar Lahadi bayan la'asar a kan teburin da nake yankan yadi, don shi ne babban tebur ɗaya tilo da muke da shi: ke, da Safiya, da yayanku, da abokinsa Gyang makanike. Innarku ta leƙo ranar farko ta ga ƙwaya na birgima.

"Wannan ba caca ba ce kuwa?"

"Inna, ko sisi babu a ciki," in ji Hadiza. "Tatsuniya ce kawai, sai dai kowa yana da baki."

Ni dai ina gefe ina haɗa wuyan wani kaftani, ina yi kamar ba na ji. Sati biyu na daure. A na uku kuka isa fadar wani sarki, sai na ji Hadiza ta buga tebur tana ihu, "Ni ne sarki! Kowa ya durƙusa ko in sa a yanke kansa!" Ban san sanda ƙafata ta sauka daga kan keke ba.

"Wannan ba sarki ba ne," na ce. "Kwandasta ne yana kiran fasinja."

"To Baba, tunda ka iya, zo ka yi mana."

Da izgili kika faɗa, ke Hadiza, na sani, amma na tashi na zo. Ku tuna shekara talatin na yi ina zuwa Rayfield awon manyan mutane, da manyan ma'aikatan da ake turowa Kuru kwas su zo neman babbar riga kafin su koma. Tela yana ganin babban mutum da singileti, hannuwa a buɗe, kuma yana shan zaman jira a baranda. A nan na koyi abin da ba a rubuta a littafin wasanku ba. Babban mutum ba ya gaggawa, kai ne mai gaggawa. Ba ya ɗaga murya, sai ma ya rage ta don ka matso ka sunkuya. Ba ya kallon mai roƙo, carbinsa yake kallo. In ya yi maka kyauta, to ka shirya, da igiya a jikinta. Abin da ya fi duka kuwa, ba ya cewa a'a da bakinsa, kullum akwai wani a gefe wanda aikinsa ke nan. Na yafa wata tsohuwar babbar riga, na naɗa ragowar farin yadi a ka, na zama Galadiman wata ƙasa da na raɗa wa suna Tsaunin Hazo. Na ƙirƙiro masa Sarkin Fada mai magana ta hanci, wanda shi ke isar da komai. Ranar farko na bar ku tsaye a zaure, ina ta kwatanta muku yadda ƙuda ke yawo a kan tabarma, har Gyang ya fara share gumi da gaske.

"Kai, Baba, wannan oga naka ya fi na gaskiya ban tsoro," in ji shi. "Wallahi gwiwa na yana rawa, kuma ina zaune ne fa."

Daga ranar labari ya dawo hannuna. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin abin fiye da yadda ya dace da mai furfura. Maƙwabta suka riƙa tsokanata da "Ranka ya daɗe" a hanyar masallaci, ni kuwa in ɗaga musu hannu a hankali. Amma ba rawanin ne ya kama ni ba. Yayanku ya ɗauki wani maharbi mai suna Jatau, kuma Jatau ba ɗana na fari ba ne. Ina iya kiran sunansa da ƙarfi. Ina iya tambayarsa me yake tunani, in saurara har ya gama. Ranar da ya kashe kurayen da suka addabi wani ƙauye, na sa Galadima ya ɗaga kai daga carbinsa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ce, "Jatau, mun gode." Na ga kunnuwan yayanku sun motsa, ya sunkuyar da kai yana murmushi. A wata bakwai na san ɗana fiye da yadda na san shi a shekara ashirin da biyu. Na gane yana da barkwanci, yana da taurin kai, kuma ba ya iya wuce wanda ake zalunta ko da duk tafiyar za ta lalace. Duk sati ina taka keke ina ƙulla abin da zai same shi ranar Lahadi, ina zana taswira da alli a bayan takardar awo.

Ana cikin haka, wata Alhamis da damina, Innarku ta kawo mini abincin rana da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta jira yayanku ya fita sayen zare, sannan ta zauna a kan kekensa.

"Malam, yaron nan ya nemi aikin soja. An tantance su, ya samu. Saura hannun mahaifi a takarda, ranar Litinin za a mayar."

"Tun yaushe?"

"An fi wata uku. Ya ce in gaya maka, na kasa. Yanzu kuwa lokaci ya ƙure."

"Na ji," na ce. Iyakar abin da na ce ke nan.

Abincin nan ko loma ban kai ba. Ɗan Malam Sale mai nama, wanda na ɗinka wa kayan Sallah tun yana rarrafe, ya tafi aikin nan shekara biyu kafin haka, jakarsa kawai aka kawo wa uwarsa. Ni na riƙe Malam Sale a wurin zaman makoki. Kwana ukun da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Na yanke hannun riga biyu duk na dama a shadda mai tsada. Ina sallah ina mance raka'a. In yayanku ya sunkuya yana sa zare a allura sai in tsinci kaina ina kallon ƙeyarsa, inda aski ya bar wani ɗan tabo na faɗuwar da ya yi yana yaro. Za ku ce me ya hana in ce a'a kawai? Abu biyu. Na farko, yaron nan bai taɓa roƙona komai ba, kuma na daɗe da sanin hannunsa ne kawai ke cikin ɗinki, zuciyarsa ba ta ciki. Na ji tsoron in hana shi ya zauna kusa da ni shekara talatin yana ƙullace da ni. Na biyu, ban san ta inda ake fara irin wannan magana ba. Mahaifina bai taɓa yi da ni ba. Sau uku na gyara murya a shago, sau uku abin da ya fito shi ne a miƙo wani abu.

Ranar Lahadi na shirya labarin biki a fada, da makaɗa da ɓarawon awaki, duk don in kai ku nesa da zancen yaƙi. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, mun tura ƙofar shago saboda sanyi. Ban gama kwatanta shinkafar bikin ba sai yayanku ya ajiye fensirinsa.

"Jatau zai cire takalmi ya shiga gaban Galadima," in ji shi.

Na ce ta hancin Sarkin Fada, "Yau ranar biki ce, maharbi. Ka dawo gobe."

"Gobe ta yi nisa. Zai durƙusa a nan har a saurare shi."

Ke Hadiza kika kalli Safiya, Gyang ya kama juya makullin babur ɗinsa. Na gane kowa ya san zancen, ni ne na ƙarshen ji. An ce da wasa ake gaya wa wawa gaskiya, to ranar ni ne wawan. Na gyara rawani don hannuna ya samu abin yi, na ce a shigo da shi.

"Ranka ya daɗe," in ji yayanku, idonsa a kan tebur, "na yi maka hidima iyakar iyawata. Amma ana kashe mutane a bakin iyaka, kuma zaman fada ba nawa ba ne. Ina neman izini in tafi. In ka ce in zauna, zan zauna."

Na kalli carbina kamar yadda na koya muku. Na ce ta hanci, "Galadima ya ji, za a..."

"A gafarce ni," ya katse ni. "Ba daga bakin Sarkin Fada nake son ji ba. Daga bakinsa nake so."

Sai ya ɗago ya kalle ni. Tun da ya yi wayo bai taɓa kallona ido cikin ido ba sai ranar. Kalma uku ce kawai, kar ka tafi, tana nan a kan harshena. Amma in na faɗe ta, ba Galadima ne ya faɗa ba, ni ne, a gaban ƙannensa da abokinsa, kuma duk abin da ya biyo baya a wuyana yake. Shekara talatin ina jin haushin manyan da ke sa wani ya ce maka a'a, ashe darasin ya zauna mini daram. Sarkin Fada an ture shi, sai na nemi wani mai faɗa a madadina. Na ja takarda bayan kwali, na yi rubutu, na tura masa ƙwaya.

"Jefa," na ce.

Abin da kuka gani ke nan. Ga abin da ba ku gani ba: bakwai na rubuta. Ƙwayar ludo ba ta wuce shida, ko yaron goye ya sani. Lissafina shi ne duk abin da ya fito in ce bai kai ba, ba wanda ya taɓa neman ganin takardata, shi ke nan ƙwaya ce ta hana shi, ba ubansa ba. Na yi wa ɗana maguɗi, ni da nake yi muku faɗa a kan ƙarya. A cikin ruɗewar nan ban tsaya na tambayi kaina me zan yi in shida ta fito ba.

Ya daɗe yana kallon ƙwayar nan a kan tebur. Na ga wani abu ya mutu a fuskarsa, na kuma san ni na kashe shi. Sannan ya ɗauka, bai ko girgiza ba, ya sake ta. Ta birgima ta bugi almakashi ta tsaya.

"Shida," in ji Gyang a hankali. "Shida ba ya faɗuwa, Baba."

Ba wanda ya nemi ganin takarda, don me za a nema? Ina da dama ɗaya, in ɗaga kwalin in nuna bakwai ɗin, in ce ga abin da tsoro ya sa ubanku ya yi, ba na son ya tafi. Da an yi mini dariya, ko a yi kuka, da dai an yi magana. Amma sai in zama Galadima mai ha'inci kuma uba marar kunya a zama ɗaya. Na dunƙule takardar a tafin hannuna, na ji bakina yana cewa da muryar nan mai sanyi, "Sarki ba ya magana biyu. An ba ka izini." Yayanku ya ce, "Godiya nake," ya tashi ya fita cikin ruwan ba ko lema. Ke Safiya kika fashe da kuka, ke Hadiza kika tattara takardunki ba ki kalle ni ba.

Da safe na tarar da takardar sojan a kan kekena, da biro a kai. Na sa hannu, bakin alƙalami ya bushe. Ranar tafiyarsa ban raka shi tasha ba, na aika Innarku da cewa a gaya masa Allah ya kiyaye hanya. Ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta tana kallona, ta ce, "Malam, ko yau ma?" Na ci gaba da taka keke, babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allurar. Wasa kuwa ya mutu daga ranar. Hadiza ta so a ci gaba bayan wata biyu, na yafa rigar, na buɗe baki, muryar Galadima ta ƙi fitowa.

Shekara uku yana kiran wayar Innarku, ya ce a gaishe ni, in ce ina amsawa. Na daina sauraren labaran rana a rediyo, sannan na koma saurare, don rashin ji ya fi jin azaba. A shekara ta huɗu ya zo hutun Babbar Sallah, ya yi baƙi, ya faɗaɗa, ya rage dariya. Ina ta neman hanyar da zan matsa kusa da shi, kuma hanya ɗaya kawai na sani. Na ce wa Hadiza ta tambaye shi ko za a taɓa wasa ranar Lahadi, a ga inda Jatau ya kwana. Ina jin amsarsa daga tsakar gida, don ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Ki ce masa Galadima ya riga ya sallame ni. Baba nake jira."

Kwana biyu maganar nan tana cina. Ranar da zai koma, da hantsi, ya zo shago da jakarsa ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, ya ce, "Zan koma." An mayar da su daji, can gabas, Innarku ta riga ta gaya mini. Ba kowa a shagon sai mu biyu. Na sauke ƙafata daga keke, na kalle shi.

"Ban so ka tafi ba," na ce. "Ran nan ban so ba, yau ma ba na so. Tsoro nake ji. Amma tunda ka zaɓa, na yarda, Allah ya yi maka albarka, ya dawo mini da kai."

Ya ce amin, ya shafa. Ya daɗe a durƙushe, yana murza igiyar jakarsa. Da ya yi magana babu fushi a muryarsa ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

"Baba, da ka faɗi haka ran nan, da ban tafi ba. Abin da na shiga nema ke nan."

Ya tashi ya saɓa jakarsa, na raka shi har bakin titi, na tsaya har motar ta sha kwana.

Yanzu yana kiran wayata kai tsaye, muna hira, har tsokanata yake yi. Amma yana can har yau, ya yi nisa a aikin, ya ce ba zai bar yaran da ke ƙarƙashinsa ba, ni kuma na san halin Jatau. Shi ya sa kuke ganin in waya ta yi ƙara da lambar da ban sani ba nake miƙa wa ɗayanku, in fita waje in jira. Ku daina cewa ubanku bai damu ba. Ku ce ya damu, aka tambaye shi, ya kasa buɗe baki.